Daga Maraɗi Zuwa Damagaram Bisa Moto: Wa Ke Cin Ribar Yawon Buɗe Ido?

Abin da ya kawo wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi mini a gidan radiyo. Muna cikin shiri bisa yawon buɗe ido sai wata baiwar Allah mai saida abinci a tasha ta kira. Ta ce ita tun tana budurwa take jin wannan kalma a bakin manya, amma har ta aurar da ɗiya ba ta taɓa ganin dala ɗaya ta yawon buɗe ido cikin tasarta ba, to ina kuɗin suke zuwa? Na yi ta kame-kame har lokacin shiri ya cika, ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita.

Da ɗarin da ya wuce ya kama, sai muka haɗu mu 8, maza 6 da mata 2, bisa moto 5, muka ɗauki wani tsohon ɗan kabu-kabu ya zame mana jagora, muka yi kwana 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram. A hanya na samo amsar da na kasa bayarwa, ita ce kuma na kawo muku yau.

Yanda Turawa suka zo, da yanda suka tafi

Waɗanda suka manyanta sun tuna tseren motoci da babura na Paris-Dakar. An fara shi a ƙarshen shekarar 1978, kuma tun karon farko ya ratsa Agadas da Yamai. Shi ya ja hankalin Turawa masu son hawan moto cikin rairayi zuwa ƙasarmu. Suka riƙa zuwa suna ɗaukar jagorori, suna kallon Abzin da Tenere, da kufan Asode, da kufan Jado can cikin Kawar.

Daga baya tsaro ya lalace. A shekarar 2000 an kwashi masu tseren cikin jirage daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2008 aka soke tseren ɗungurungum, a 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiya ake yin shi. An sace ma'aikata a Arlit a 2010. Ranar 9 ga Agusta 2020 wasu mahara bisa moto suka kashe mutum 8 a wurin raƙuman dawa na Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke.

Moto ita kanta ta yi baƙin jini. An hana yawo da ita a jahar Diffa a 2015, aka hana a wasu sassan Tillaberi a 2020, domin da ita ƴan bindiga ke kai hari. Abin hawan talaka, wanda ke kai mai ciki gidan likita, ya kai buhun gero kasuwa, ya koma abin tsoro idan an ji ƙararshi da dare.

Amma mu faɗi gaskiya: ko lokacin da Turawan ke zuwa, mi ƴar kasuwar Tasawa ta samu? Suna wucewa cikin katkat, da ruwansu na kwalba, da abincinsu na gwangwani, su kwana otel, su nufi arewa. Mu na kudu ƙura kawai muke sha. Don haka baiwar Allah da ta kira ni ba ta yi ƙarya ba.

Moto ba ta ɗaukar guzuri

Abin da na fara lura da shi tun ranar farko shi ne, mai tafiya bisa moto ba ya da wurin aje kaya. Daga ƴar jaka sai bidon ɗin ruwa. Ba tukunya, ba buhun shinkafa, ba katifa. Duk abin da zai ci sai ya saya inda yunwa ta kama shi. Tankin moto ƙarami ne, tilas ya tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa. Ƙaya ta soki taya, sai mai faci. Ƙugu ya gaji, sai gindin bedi inda mai fura take. Mota na iya tasowa daga Maraɗi ta kai Damagaram, kimanin kilomita 240, ba ta tsaya ba sai a shingen jandarma. Moto ba ta iyawa.

Ku ƴan kasuwa ne, ku yi lissafin da kanku. A ce kowane matafiyi yana kashe jika 5 a yini, tsakanin ci da sha da mai da tsaraba. Mutum 8 cikin kwana 5 jika 200 ke nan. Kuɗin nan ba aljihu guda suke shiga ba. Suna watsuwa ne dala-dala, ga mai koko da ƙosai, ga mai tuwo, ga mai tsire, ga mai gyaran moto, ga wanda ya ba da ɗaki da tabarma. Wannan ita ce amsar: yawon buɗe ido na katkat na masu otel ne, na moto kuwa na bakin hanya ne.

Alhamis: Tsibiri da Madarumfa

Mun fara da Tsibirin Gobir, wadda ba ta da nisa da Maraɗi. Kafin mu shiga fada jagoranmu ya tsayar da mu, ya sa kowa ya kashe moto ya cire hular kwano, ya je ya yi gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da mu. Can aka tuna mana yanda Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 lokacin jihadi, da yanda Gobirawa suka kafa Tsibiri a zamanin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Maraɗi ma haka ta samu sarautarta: bayan Katsina ta fita hannun sarakunan Haɓe a 1807, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna nan wajen 1819. Ɗaya daga cikin matan da ke tare da mu, haifaffiyar Maraɗi, sai ranar ta san cewa tsohon garin cikin fadamar gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu inda muke yanzu.

Da hantsi muka juya kudu zuwa Madarumfa. Ga tabki, ga masunta, ga mata na suyar kifi, ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara kewaye da ruwan. Tun 2006 Nijar ta sa wannan wuri cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

A nan muka yi gardama ta farko. Wasu daga cikinmu suka so mu zarce Ɗan Isa mu leƙa iyakar Jibiya, mu bi ta cikin ƙauyuka mu komo da magariba. Jagora ya ƙi. Ya buga waya biyu, ya ce hanyar daji ta wannan yanki ba ta biyuwa da marece, don masu satar mutane da shanu da ke ƙetarowa. Aka yi ta ƙorafi, har wani ya ce ai kuɗinmu muka biya. Ya ce in kuɗi ne ga su a mayar, amma shi ba ya kai ɗan kowa inda ba zai kai ɗanshi ba. Kafin la'asar sakaliya muna cikin Maraɗi. A zuciyata na ce wannan ya cancanci ladarshi.

Juma'a da Asabar: Tasawa, Maijirgi da bakin iyaka

Ranar Juma'a muka kama babbar hanya gabas. Caduwa, Age, Gazawa, ƙasar aya da gyaɗa da wake. Kowane zango muka tsaya sai ƴan talla sun kewaye mu. Muka yi sallar Juma'a a Tasawa, muka kwana. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a farkon 1851 bisa hanyarshi ta zuwa Katsina da Kano, ya kuma rubuta labarin garin da kasuwancinshi. Ke nan baƙo mai zuwa kallo ba sabon abu ba ne a wannan hanya.

Da safen Asabar muka isa Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, sojojin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa. Su ne suka gwabza da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni cikin watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli suka harbe Kanar Klobb, wanda gomnatinsu ta aiko ya tsayar da su, a Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki suka kashe su. Mun karanta wannan a lakwal, mun yi jarrabawa bisa shi, amma tsayuwa gaban kabarin daban ne. Gani ya kori ji. Sau nawa kuka wuce Maijirgi cikin mota, ku da ke fatauci tsakanin Maraɗi da Damagaram, ba ku san abin da ke kwance gefen hanya ba?

A Takeita muka saki babbar hanya muka yi kudu, Kance, Matamai, ƙasar fadama da rake. Muka leƙa Ɗan Barto, inda ake ƙetarawa Kwangwalam a nufi Daura. Garin iyaka makaranta ce ga mai ido: ga ƴan canji da naira da sefa, ga manyan motoci jere, ga ƴan duwan, ga yara masu turin kaya. Harshe guda, dangi guda, tuta biyu. Mutanen wurin ba su manta wuyar da suka sha ba lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wadda ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wata mai tuwo da muka ci abinci wurinta ta ce a wancan lokaci sai da ta koma ɗora ƙaramar tukunya, ita ma ba ta ƙarewa. Wanda cinikinshi duka ya rataya bisa direbobin iyaka, ranar da aka sa sarƙa ya shiga uku. Baƙi masu zuwa daga cikin gida ba za su maye gurbin direbobi ba, amma ƙofa ce ta biyu.

Ba mu ƙetara ba. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairu 2025, don haka duk mai niyyar shiga Najeriya da moto ya fara tambayar takardun da ake bukata kafin ya taso. Matambayi ba ya ɓata.

Lahadi da Litinin: Tirmini, Mirya da Birni

Daga Matamai muka yi sammako. Muka tsaya Tirmini, inda dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga suka tari Faransawa a ƙarshen Yuli 1899. Da azahar muna kasuwar Mirya, wadda ke ci ranar Lahadi. Tukwane da tuluna da randuna jere kamar an shuka su. Matan da ke tare da mu suka so randa, amma ina za a ɗora ta? Sai ƴan ƙananan kasake da gidan turaren wuta suka saya, suka naɗe cikin zane. Ku riƙe wannan, iyayenmu mata, za mu komo kanshi.

Litinin muka ba Birnin Damagaram. Ga fadar Sarki, ga lunguna, ga gidajen ƙasa masu zane a goshi, ga manyan duwatsu. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya ɗaukaka garin, ya ƙarfafa ganuwa, har aka riƙa ƙera igwa a cikin birni. Barth ya sauka nan a ƙarshen 1852. A Zango kuwa fatake ke sauka, can ne babban attajiri Malam Yaro ya yi zamani, yana ciniki har Tarabulus. Alhazai, wannan kakanku ne a sana'a. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin Nijar kafin a maida shi Yamai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ba mu tarar ba. Ganuwar Tanimun sai ɗan abin da ya rage nan da can. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ruwan sama ya kayar da shi a farkon Satumba 2024. Ya yi sama da shekara 170 tsaye, damina guda ta gama da shi. Mu da muka yi ta cewa wata rana za mu je mu gani, mun makara.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A jahar Damagaram akwai Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwar dutse, wanda ake cewa nan Kanawa suka zauna kafin su koma Kano. Masu binciken tarihi sun yi tono a wurin a farkon shekarun 2000. A ƙasar Dakwaro akwai Birnin Lalle, inda Gobirawa suka yi sarauta bayan sun baro Abzin. Kufai ba ya kuka. In ba mai zuwa, manomi zai faɗaɗa gonarshi, mai gini zai kwashi dutse, iska da ruwa su ƙarasa sauran. Amma ranar da mai gari ya ga baƙi na zuwa, suna gaishe shi, suna sayen furar matan garin, shi da kanshi zai sa ido.

Jagora shi ne madugu

Iyayenmu fatake ba su taɓa fita ba madugu ba. Shi ya san rijiya, ya san zango, ya san sarkin da za a gaisar da wanda za a kauce wa. Tafiyar moto ma haka take, da ɗan gari akan ci gari. Ga abin da na ga jagoranmu na yi, wanda ya kamata duk mai son wannan sana'a ya koya.

Kowace safiya yana duba taya da birki da sarƙa da mai na kowace moto. Ba ya yarda kowa ya hau ba hular kwano, mace ko namiji. Ba mutum uku bisa moto guda. Yana gaba, yaronshi na baya da kayan faci da famfo. Ya tabbatar kowa na da katin ɗan ƙasa, kowace moto na da takardunta, kartigiris da inshora, mai tuƙi kuma da farmi. Duk garin da za mu kwana, sai ya kai gaisuwa wurin mai gari, ya sanar da jandarma. Ba tafiyar dare ko kaɗan. Sa'annan ya zaɓi lokacin ɗari, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da bazara rana ba ta barin mutum, da damina kuma korama na yanke hanya.

A kufai ya hana mu ɗaukar ko tsingaro. Yana da gaskiya. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano gumakan yumɓu na mutanen da a 1975, aka yi tono na ilimi a 1983, daga baya masu haƙar sata suka yashe wuraren suka saida wa dillalan waje. Kuɗin sun ƙare tuni, kayan kuma suna Turai. Wanda ya saida kufai sau guda zai ci, wanda ya tsare shi har jikokinshi.

Ba komi ne ya yi daɗi ba. A wani gari an saida mana mai gauraye, moto biyu suka yi ta tari har sai da aka wanke kafireto. A wani wuri da aka ga hular kwano da tabarau sai kuɗin kwanon tuwo ya ninka. Mun biya, amma da za mu komo ba mu tsaya nan ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ba zan aike shi can ba.

Kira ga iyayenmu mata da Alhazai

Kada mu zauna jiran Turawa. Baƙin da za su riƙe wannan harka suna cikinmu: malaman lakwal da ɗalibansu lokacin hutu, ma'aikatan da aka turo daga wata jaha, ƴan uwanmu da ke zaune Yamai ko ƙasashen waje masu son ƴaƴansu su ga tushe, samari masu son ɗaukar hoto su sa a Facebook da TikTok, da dangi na Katsina da Daura da Kano. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Ranar da jirgin ya fara sauke mutane, wa zai kai su Tsibiri da Madarumfa?

Iyayenmu mata, naku guda huɗu ne. Tsabta: a rufe abinci, a aje ruwan wanke hannu da sabulu. Farashi guda ga ɗan gari da baƙo. Tsaraba ƙarama wadda ke shiga jaka: aya cikin ƙunshi, kilishi, ƙuli-ƙuli, ɗan kasko, ƴar jakar fata, turaren wuta. Na huɗu, ku ba jagora lambar wayarku, don ya kira tun da safe ya ce mutum 10 na tafe, a ƙara tsaki. Kuma ku tambayi tsofaffi labarin garinku. Baƙon da aka ba labari ya kan daɗe zaune, wanda ya daɗe zaune kuwa sai ya ƙara kwano.

Alhazai masu shigo da moto kwantena-kwantena, ku dubi wannan ƙofa. Moto 10 masu lafiya, da huluna, da jagora biyu amintattu, ba su kai jarin tirela guda ba. Ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu su fitar da samarin da suka san daji, a haɗa su da malaman tarihi da fadawa su koyi labari, a yi musu kati a ma'aikatar magajin gari don jandarma su san da su. Ta haka yaron da ake kallo da zargi zai zama wanda ake nema da waya.

Da na komo na sake buɗe layi a radiyo, na ba da labarin tafiyarmu, na yi cigiyar baiwar Allah mai abinci. Ba ta kira ba. In wannan jarida ta kai tasharku, wanda ya iya karatu ya karanta mata. A faɗa mata ɗari mai zuwa, in Allah ya kai mu, Kufan Kanawa muka nufa, kuma daga tasha za mu tashi. Ta tanadi kwano 8.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare matafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.